Ƙofar da Kasimu Ya Kasa Buɗewa

A shekarar 2007 wani ɗan Japan mai suna Takao Kato ya fara shirya wani wasa a birnin Kyoto: a shigar da mutane ɗaki, a rufe ƙofa, su nemi mafita ta hanyar warware alamomin da aka ɓoye a ciki. Zuwa 2011 wasan ya isa Budapest, sannan ya bazu a biranen duniya. Galibi minti 60 ake ba 'yan wasa. Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda masu tsara waɗannan ɗakunan kuɓuta suke yawan komawa ga tatsuniya idan suna neman jigo. A ganina, ƙashin bayan wasan suke tararwa a can, an riga an gina musu shi.

Mu duba tarin tatsuniyoyin da Jacob da Wilhelm Grimm suka fara wallafawa a Jamus a 1812. An kulle Rapunzel a hasumiya marar ƙofa. Hansel yana cikin keji, mayya tana jira ya yi ƙiba. Sarauniya tana da kwana uku ta gano sunan Rumpelstiltskin, ko ta rasa jaririnta. Kulle, wa'adi da kalmar sirri: kayan aikin mai tsara ɗaki ke nan gaba ɗaya. Masanin Rasha Vladimir Propp ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin ƙasarsa suna tafiya ne kan matakai 31 masu maimaituwa, ciki har da gindaya doka da karya ta. Shi ya sa ɗan wasa ba ya buƙatar dogon bayani. Tun yana yaro ya san cewa abu na uku ne ke buɗe hanya, kuma mai rauni da wayo yake tsira.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne labarin Ali Baba, wanda Antoine Galland ya ji daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab, a 1709. Kasimu ya shiga kogon ɓarayi, dukiya ta ruɗe shi, ya manta kalmar da ke buɗe dutse. Ya yi ta kiran sunayen hatsi iri-iri, riɗi kaɗai ya ɓace masa, har ɓarayin suka ritsa shi. Duk wanda agogo ya taɓa tsananta wa ya san wannan ruɗewar.

Sai dai a nan ne ya wajaba wasa ya rabu da tatsuniya. Mutuwar Kasimu a bakin mai ba da labari ta tsaya. Mai saurare yana jin tsoro alhali yana zaune lafiya. A watan Janairun 2019 gobara ta tashi a wani ɗakin kuɓuta a garin Koszalin na ƙasar Poland, 'yan mata biyar masu shekara 15 suka rasu a kulle. Bayan haka hukumomin ƙasar suka bi irin waɗannan ɗakuna da bincike, suka rufe da dama.

Saboda haka nake cewa mai tsara ɗaki ya ari komai daga tatsuniya, amma ya haɗa da amanar da ke cikinta: tsoron ya zama na gaske, kullen ya zama na wasa. Kafin ka biya kuɗin shiga, tambayi ta inda ake fita idan wuta ta tashi.