Sunayen da Yatsuna Suka Haddace

A 2013 na fara koyon Django, a wani shago da muka kama haya mu uku a bayan kasuwa, inda ƙarar janareto ta zame mana kiɗan yini. Data a lokacin sai da lissafi, ba a buɗe intanet don ƙaramin abu. Shi ya sa na tanadi wani littafi mai jan bango, ina rubuta duk umarnin da ake bugawa a baƙin allon nan.

Ba a jima ba na daina buɗe shi. Ashe sunayen tafiyarsu ɗaya: aikin a gaba, abin da za a yi wa aikin a baya, a manne ba tazara. Ga startproject da startapp, ga runserver, ga loaddata da ƙaninsa dumpdata. Wanda ya san biyu zai canki na uku. Wani dare modem ya ƙi kamawa, ga mai aiki yana ta kira ya manta kalmar sirrinsa. Na yi shahada na buga changepassword da ka, ya kuwa karɓa. Har yau ban manta daɗin nan ba.

Da Django 1.7 ya fito a 2014 da makemigrations da migrate, aka fara sallamar syncdb, aka cire shi ɗungurungum a 1.9. Kai ya yarda da canjin, yatsu suka ƙi. Na fi wata uku ina buga tsohon sunan kafin in farga.

Ba duka ne suka bi layi ba. A lokacin akwai ping_google, daga baya kuma remove_stale_contenttypes, masu ɗan layi a ƙasa kamar baƙi a gidan biki. Abokina mai aiki da Laravel ya sha yi mini tsiya da su. Nasu, in ji shi, kowane umarni da sunan gidansu: make:model, make:controller, cache:clear. Ina musu da shi a baki, a zuci na san tsarin nasu ya fi sauƙin nema.

Sai ga shi ni ma na tafka tawa. A Django sunan fayil ɗin da ka ajiye a management/commands shi ne sunan umarnin, ba mai hana ka raɗa abin da ka ga dama. A wata manhajar kuɗin makaranta na rubuta turasako, na rubuta lissafin_kudi, wata ranar gajiya kuma na haɗa Hausa da Turanci na yi clearbashi. Bayan shekara biyu wani yaro da ya zo koyon aiki ya juyo ya dube ni.

"Oga, wannan da layi a ƙasa ne ko babu?"

Na yi shiru, don ni ma sai na duba. Ya yagi takarda ya jera su ukun, ya manna a bango saitin kwamfutarsa da salatif.