Tafiya Katsina da kaye cikin aljihu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma wanda jarrabawa ke jiransa, tafiya na iya zame masa asara. Ga labarin wani saurayi manomi na wani ƙauye kusa da Maraɗi.

Saurayin nan yana ajin yaƙi da jahilci tun farkon rani. Mutanen garinsu sun ce duk wanda ya fi ƙoƙari ga jarrabawar ƙarshe, shi za a ba riƙon littafin bankin cimaka. Saura kwana 10, sai abokansa uku suka zo masa da magana: abokinsu zai yi aure a Katsina, kuma shi ne babban abokin ango. In ya tafi, darasin dare uku ya wuce shi. In ya ƙi, ya ɓata zumunci.

Ya je ya gaya wa malaminsu. Malam bai hana shi ba. Ya ce: "Tafi da kayenka. Duk garin da kuka wuce, rubuta sunansa. Duk kuɗin da kuka kashe, rubuta shi da lamba."

Malam ya san inda ciwon yake. Saurayin ya iya haɗa baƙaƙe, amma lissafin kuɗi na ba shi wahala. A baki ana cewa dala ashirin, a takarda kuwa 100 ake rubutawa, don dala guda tamma 5 ce. Dala ɗari 500 ce, jika guda 1.000. Nan manya da yawa ke tuntuɓe.

Kowa ya zuba jika biyar, aka damƙa masa. Tun a tasha ya rubuta 20.000. Abokai suka yi ta dariya, suna ce masa "Malam Akawu". Bai kula ba. Mota na girgiza, alƙalami na zamewa, shi dai yana rubutu. Da suka tsaya Ɗan Isa wajen duwan da 'yan sanda, shi ya karanta wa kowa sunansa bisa takardar shaida, ya miƙa masa tasa.

Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a kai kilomita 100 ba. Bayan iyaka allunan hanya suka koma Ingilishi maimakon Faransanci, amma baƙaƙen su ne dai. Ya haɗa su ɗaya ɗaya har ya karanta Jibiya da kansa.

A wajen canji aka gwada shi. Naira ba ta da lissafin dala, abin da aka faɗa shi ake rubutawa. Mai canji ya ƙirga da sauri ya miƙo. Saurayin ya ce: "Alhaji, dakata kaɗan." Ya duƙa ya buga lissafi cikin kaye, ya ga naira 500 ba ta cika ba. Mai canji ya sake ƙirgawa, ya cika. Daga nan dariya ta ƙare.

A Katsina sun sha biki, sun ga hasumiyar Gobarau wadda aka gina da ƙasa. Wani tsoho ya tuna musu cewa sarakunan Maraɗi daga birnin nan kakanninsu suka fita bayan jihadi ya ci shi a 1807, shi ya sa har yau ake ce da sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. Da dare abokai na wajen kiɗa, shi kan janye rabin awa ya gyara lissafin yini. Dare na biyu barci ya rinjaye shi, bai buɗe kaye ba.

Da suka komo ya nuna wa malam shafi huɗu. Lissafi ya fita daidai, har ya mayar wa kowa ragowar kuɗinsa. Amma darasin da ya wuce shi sai da ya bi wani ɗan ajinsu ya koya masa. Ran jarrabawa ya zo na farko ga lissafi, dikte kuwa da ƙyar ya tsallake. Aka ba shi littafin bankin cimaka, da sharaɗin ya koma aji baɗi ya gyara rubutunsa.

'Yan uwa masu karatun dare, biki da kasuwa da ci-rani ba za su ƙare ba. In tafiya ta kama ku, ku sanar da malam, ku sa kaye cikin aljihu, in kun komo ku rama abin da ya wuce ku.