Kantar Littattafaina

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin aikin gara a jikin littafi? Ba ta taɓa bango. Ta ƙasa take shiga, ta cinye ciki sarai, ta bar maka bangon yana ƙyalli kamar babu abin da ya faru. Sai ranar da ka ɗaga littafin ka ji shi sakayau, ka buɗe, jar ƙasa ta zubo maka a cinya. Abin da ya same ni ke nan a daminar 2019, kuma shi ya sa ni, da shekara arba'in a duniya, na riƙe zarto a karo na farko.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Godogodo, cikin ƙaramar hukumar Jama'a ta jihar Kaduna. Kamar kai, ban sha Hausa a nono ba. A kasuwa da filin wasa na fara tsintar ta, daga baya na karance ta a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, na ɗora da digiri a fannin koyarwa. Ba ni da wata dukiya da ta wuce littattafai, su ma kwali huɗu ne kacal, a jere a kan siminti a kusurwar ɗaki. Babban cikinsu shi ne ƙamus ɗin Bargery, wanda aka fara bugawa a 1934, mai shafi fiye da dubu. A 2016, lokacin da tashin hankali ya sa mutanen garinmu da yawa barin gidajensu, na fita da iyalina da jaka guda tak, ƙamus ɗin nan yana ciki. Ya tsira daga wuta. Bayan shekara uku, ana zaune lafiya, gara ta biyo wata 'yar tsaga a siminti ta cinye kusan sulusinsa.

Na je wurin kafinta domin a yi mini kanta mai hawa biyar. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa rabin albashina. Ban ga laifinsa ba, domin katako ya yi tsada, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Amma a hanyar komawa gida sai zuciya ta fara raya mini cewa kanta ai ba wani abu ba ce illa falankai a tsaye da falankai a kwance, sai ƙusa. Wanda ya iya rarraba jimla zuwa yankunanta, haɗa katako takwas zai gagare shi? Ka riƙe wannan tambaya, za ka ga amsarta.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kafanchan, wurin 'yan katako. Nan na fara gane cewa na shiga ƙasar da ban iya harshenta ba. Ba a cewa "ba ni katako" kawai. Kowane yanka da sunansa, bisa ga kaurinsa da faɗinsa a inci. Akwai siriri mai inci biyu ta kowane gefe, wanda suke kira tu-bai-tu. Akwai tu-bai-fo, na ɗaurin rufin ɗaki. Akwai falanki mai kaurin inci ɗaya, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, shi ne na kanta da teburi. Ban da wannan, kowane ice da halinsa. Maɗaci ja ne, mai nauyi, mai kyan ƙira. Loko da kawo suna daɗewa, gara ba ta cika samun galaba a kansu ba, amma kuɗinsu sai mai hali. Maɗobiya kuwa ta yi wuyar gani, saboda a shekarun baya an sare ta ba ji ba gani ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da aka ƙuntata cinikinsu.

Na tsallake duk waɗannan, na nuna wani farin katako da ya fi kowanne araha. Mai katakon ya ɗaga falanki ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ji nauyinsa. Ɗanye ne, makon jiya aka yanko shi. In aikin kanta za ka yi, ka ajiye shi ya sha iska tukuna."

Na ce, "Na gode, Alhaji, amma sauri nake yi."

Ya yi murmushi, ya karɓi kuɗinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na koyar da wannan karin magana a aji ya fi sau ashirin, har na sa ta a jarrabawa.

Na aro zarto da guduma, na sayi ƙusoshi da tef ɗin awo. Kwana uku na yi ina fama a tsakar gida, yara suna kallo, maiɗakina tana leƙowa daga madafa ba ta cewa komai. Zarto ya ƙi bin layin da na ja da fensir. Ƙusa uku cikin goma sun lanƙwashe, biyu sun tsaga bakin falanki, ɗaya kuma guduma ta kuskure ta, ta sauka a babban yatsana. Duk da haka kanta ta tsaya. Na jera littattafai, na ja da baya ina kallo, raina fari ƙal.

Farin cikin wata huɗu ya yi. Da hunturu ya shigo a watan Disamba, iska ta bushe, sai kantar ta fara magana da dare: ƙas, ƙas. Falankai suka kantare, tsakiyarsu ta lotsa, mahaɗai suka buɗe har yatsa yana shiga. Sannan dukkan kantar ta karkata hagu kamar mai jin barci. Wata safiya ɗana ƙarami ya jingina da ita, ta tafi gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, bango ta bi, ba kansa ba. Maiɗakina ta ɗauke yaron, ta dube ni ta ce, "Malam, ko dai a koma wa masu abin?"

Na koma, amma ba don a yi mini ba. Na je ne in tambaya. Tsohon kafintan ba ya nan, sai yaronsa, wani saurayi da yake goge ƙafar kujera da samfefa. Da ya ɗago kai na gane shi. Tsohon ɗalibina ne, wanda na sha cika takardar insha'insa da jan biro, wanda bai taɓa bambanta "k" da "ƙ" a rubutu ba. Ya miƙe da sauri ya rusuna ya gaishe ni. Sai da na yi gyaran murya sau biyu kafin na iya faɗin abin da ya kawo ni.

Da yamma ya biyo ni gida. Ya zagaya kantar, ya taɓa nan, ya girgiza can. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga tana cinsa. Ya ce, "Malam, ba ka yi laifi da yawa ba. Uku ne kawai."

Na fari shi ne ɗanyen katako. Ice mai rai cike yake da ruwa, kuma bayan an yanka shi ruwan yana nan a ciki. Yayin da yake bushewa sai ya tsuke, amma ba daidai ta kowane gefe ba. Tsawonsa kusan ba ya raguwa, faɗinsa ne ke raguwa, kuma wani sashe ya fi wani saurin tsukewa. Wannan ne ke sa falanki ya kantare ko ya murɗe. Ni na kafe shi da ƙusa yana jiƙe a watan Agusta, tsakiyar damina, a yankin da ruwa ke zuba tun daga Afrilu har Oktoba. Da iskar hunturu ta zo ta zuƙe ruwan, katako ya tafi inda yake so, ya ja ƙusoshin suka bi shi. Mun saba cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wannan maganar mai yin baka ce ko gammon kwando. Kafinta ba ya son abin da zai tanƙwaru.

Na biyu, faɗin hawa. Na bar ƙafa biyar tsakanin gefe da gefe babu abin da ya tallafi tsakiya, alhali littafi ba auduga ba ne. Falanki mai inci ɗaya, in zai ɗauki littattafai, kada a wuce ƙafa uku ba a sa masa matokari ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni kunya, domin na taɓa koyonsa a ajin lissafi na manta. Abu mai kusurwa huɗu, in ka tura shi ta gefe, zai karkata ko da ƙusoshinsa ba su fita ba. Alwatika kuwa, wato mai kusurwa uku, ba ta karkata sai dai ta karye. Saboda haka ake gicciya siririn katako a bayan kanta daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, ya raba ta zuwa alwatika biyu. Ya kuma nuna mini yadda ake tabbatar da kusurwa ta miƙe ba tare da wani kayan aiki na musamman ba. Ka auna inci 3 a gefe ɗaya ka yi alama, ka auna inci 4 a ɗaya gefen ka yi alama. In tsakanin alamomin biyu inci 5 ne cif, kusurwarka ta yi daidai. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras, masanin ƙasar Girka. Yaron bai ambaci sunansa ba, hannunsa ne ya san ta.

Ina sauraro ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ya leƙo ya ce, "Malam, ba matoƙari ba ne, matokari ne. Ba ƙugiya." Ya yi gaskiya. Garin rawar hannu na sa ƙugiya inda babu ita.

Bari in ɗan ratse, tun da malamin harshe ba ya ganin kalma ya wuce. In ka lura da kalmomin wannan sana'a za ka ga kashi biyu ne. Kafinta, teburi, benci, falanki, kanta, inci, samfefa, duk aro ne daga Turanci, sun shigo tare da sana'ar kanta. Amma Hausawa suna da tsohuwar sana'ar ice tun kafin zuwan Turawa, ita ce sassaƙa. Masassaƙi ba ya haɗa katako da katako. Gungume guda yake ɗauka, ya bi shi da gatari da gizago har ya fitar da turmi, ko taɓarya, ko akushi, ko allo, ko kujerar zaman mata a bakin murhu. Babu ƙusa, babu mahaɗi, don haka babu inda za ta buɗe. Kujerar kakata har yanzu ana zama a kanta. Kantata ko wata biyar ba ta cika ba.

A karo na biyu na sayi malaina. Wannan itaciya baƙuwa ce, asalinta daga Indiya da maƙwabtanta, amma an dasa ta da yawa a yankinmu, musamman a gandun dajin Nimbia, inda aka fara dashe tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Ba ta da nauyi, tana da daɗin yanka, kuma in ta bushe ba ta cika motsi ba. Aibinta guda ne, tana da jinkirin bushewa. Na jera falankan a zaure, a inuwa, bisa bulo don kada su taɓa ƙasa, na sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu domin iska ta ratsa, na ɗora duwatsu a sama. Ba a shanya katako a rana kamar citta. Fatarsa za ta riga cikinsa bushewa, ya tsattsage. Na sa wa falanki ɗaya alama, duk ƙarshen wata in kai shi sikelin mai sayen hatsi in auna. Yana ta raguwa, yana ta raguwa. Da na ga wata biyu a jere nauyin bai canja ba, na san lokaci ya yi. Kusan shekara guda ke nan littattafaina suna zaune a kan benci biyu da na aro, an sa ƙafafun bencin cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara.

Wannan karon na yi aikin a mako uku, ba kwana uku ba. Kafin in yanka ko'ina sai na auna, na sake aunawa. Na koyi fara yanka da jan zarto baya a hankali har ya yi wa kansa hanya, in kuma bar nauyinsa ya yi aikin maimakon in danna. Na koyi dakushe bakin ƙusa da guduma kafin in kafa ta kusa da bakin falanki, domin mai tsini tsaga katako take yi, dakusasshiya kuwa huda shi take yi. Na shafa gam a kowane mahaɗi kafin ƙusa. Na ɗaga hawan ƙasa inci shida daga siminti, na kuma bar tazara tsakanin kanta da bango, yadda in gara ta fara gina hanyarta zan gan ta. Duk ranar Lahadi da yamma tsohon ɗalibina yakan biyo ya duba aikin. Ba ya karɓar zarto daga hannuna. Sai dai ya sa fensir ya zagaye inda na karkace, ya ce, "Malam, a sake wannan." Na gane salon. Nawa ne.

Kantar tana nan yau a ɗakina, ta ga hunturu huɗu ba ta yi ko tari ba. In ka zo kusa za ka ga hawa na uku ya ɗan fi sauran gajarta, na cike giɓin da 'yar ɓallin katako, kuma akwai sawun guduma a wurare da dama da samfefa ta kasa sharewa. Ƙamus yana hawan sama, daure da zare, abin da gara ta rage. Tsohuwar kantar ba a yar da ita ba. Na rage mata tsawo, na gicciya mata katako a baya, yanzu tukwane take ɗauka a madafa. Maiɗakina ta ce saura teburin karatun yara. Falankansa suna zaure tun watan Nuwamba, kuma jiya da na auna, wanda na sa wa alama bai daina raguwa ba.