Gidan da Ya Yi Kwantai

Akwai gidaje a Kano da hotunansu suka shekara suna yawo a wayoyin dillalai. Na Hotoro, na Rijiyar Zaki, na Sharaɗa, da manyan nan na Nasarawa masu sashen maigida daban da na iyali daban. Yau ka gan su a WhatsApp, bayan wata shida ka sake cin karo da su a Facebook, hoton bai canja ba, kuɗin ma bai ragu ba, wani lokacin ma sai ka ga an ƙara. Ka tambayi dillalin unguwar, labarin ɗaya ne: an taya, mai shi ya ce albarka. An dawo an ƙara, ya sake cewa albarka. Daga nan masu tayi suka ɗauke ƙafa, gida ya yi kwantai.

Abin yana damuna, domin sau da yawa wanda ya yanka wa gidan kuɗi daban, wanda jiran ke cutarwa daban.

Mai gida ba da ka yake sa sunan ba, yana da lissafinsa, kuma lissafin ba ƙarya ba ne. Zai ce maka: da nawa zan gina irinsa yau? Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Rodi, kwano, tayil, wayar wuta, ladan magina, babu wanda ya tsaya inda yake. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya gina gida a 2019 ya dubi wannan duka ya ninka kuɗin gidansa sau uku, ba za a ce masa ya yi hauka ba.

Sai dai guguwar da ta ɗaga kuɗin gini ita ce ta share aljihun mai saye. A nan ne lissafin ke ɓacewa. Wa ke sayen gida a garin nan? Ba ma'aikaci ba ne, wanda mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a 2024, abinci da kuɗin mota suka cinye. Bashin sayen gida kuwa kusan babu shi a ƙasar nan. Akwai na Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya mai ruwan kashi 6 cikin ɗari, amma 'yan kaɗan ne ke kai wa gare shi. Bankunan kasuwa kuma, bayan Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, ba wurin da mai hankali zai je neman kuɗin gida ba ne, ko da bai damu da haramcin ruwa ba. Saboda haka cinikin gida a wajenmu na kuɗi a hannu ne, kuma masu kuɗi a hannun su ne 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau. Ɗan kasuwar da a da yake cika kwantena ya rage rarar da zai sayi gida ya ajiye, yanzu kwantenar nan ɗaya tana cin ninki uku na nairar da ta saba ci. Rarar ta koma cikin jari. Ƙananan gidaje da filayen bayan gari suna ɗan motsawa, domin masu neman inda za su sa haƙarƙarinsu ba sa ƙarewa. Manyan ne ke kwana, kamar yadda suke kwana a rufe a Maitama da Asokoro.

Kasuwar gida ba ta nuna sanyinta a farashi. Mai tumatir a 'Yan Kaba, idan la'asar ta yi bai sayar ba, dole ya karya, don gobe kayan sun ruɓe. Gida kuwa ba ya ruɓewa a ido, sai mai shi ya ja kujera ya zauna jira. Shi ya sa za ka ji kuɗin da ake faɗa yana hawa, alhali cinikin da ke faɗawa yana raguwa, sai mai gida ya ɗauka kasuwa tana nan da zafinta.

Daga nan sai jita-jita ta shigo. "Gidan Alhaji wane na bayan layinmu ma an sa masa miliyan 70, kuma bai kai nawa ba." An sa masa, haka ne. An saya? Ba wanda ya tambaya. Ko da an saya, kuɗin da aka sallama a kai sirri ne. Mai sayarwa ba ya son dangi su ji adadin, mai saye ba ya son a san ƙarfinsa, wani lokacin ma abin da aka rubuta a takarda daban da abin da aka biya. A Ingila ofishin rajistar filaye yana wallafa kuɗin da aka biya wa gidajen da aka sayar tun daga 1995, kowa na iya shiga intanet ya ga nawa aka sayi gidan maƙwabcinsa. Mu a nan kunnenmu kawai muke da shi, kuma kunne ya fi jin kuɗin da aka nema a kan wanda aka karɓa. Gida biyar a layi ɗaya kowanne yana jingina da farashin ɗan uwansa, babu ko ɗaya da aka saya.

Dillalai na da nasu kason a laifin, ko da yake ba na cikin masu jibga musu komai. Dillalin da ke son a ba shi gida ya san kalmar da ke buɗe ƙofa: "Ranka ya daɗe, wannan ai ko 80 aka ce ba a yi tsada ba." Wanda ya faɗi gaskiya ya ce 55, shi ake sallama tun daga zaure. Sannan gida ya bi hannu huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa a kai ban da la'ada, kafin ya isa kunnen mai saye ya ƙara kumbura. Amma na san dillalai tsofaffin hannu da ke faɗa wa mai gida gaskiya tun ranar farko, su sha baƙin jini, bayan shekara a dawo a neme su.

Akwai kuma abin da ke cikin zuciya, wanda ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bi diddigin cinikin gidajen bene a tsakiyar birnin Boston na Amurka daga 1990 zuwa 1997, bayan farashi ya faɗi ƙasa warwas, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun gano cewa waɗanda suka sayi gida da tsada, kasuwa ta dawo ƙasa da abin da suka biya, suna sa wa gidan kuɗi sama da na sauran masu irinsa, ƙarin da ya kai kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na asarar da ke gabansu. Abin da suke samu a ƙarshe daga wannan ƙari ɗan kaɗan ne, gidajensu kuma sun fi daɗewa ba a saya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda ke zaune a cikin gidan da kansu sun ninka masu sayen gida don kasuwanci wajen wannan taurin kai. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya tsaya a kan magina tun daga tushe, ya san ranar da aka zuba dakin, a ɗakin can aka haifi ɗansa na fari, a tsakar gidan aka yi kamun 'yarsa, idan aka taya masa ƙasa da abin da ke ransa ji yake kamar an raina shekarunsa. Ina girmama wannan ji. Amma mai saye bai ga ko ɗaya daga ciki ba. Shi rufin da ke yoyo ya gani, da layin da mota ba ta shiga da damina, da tsarin ɗakunan da aka daina yayi, yana lissafin miliyoyin da zai kashe a gyara.

Wani zai ce, to ai gida ya fi naira, in na sayar na riƙe kuɗin, narkewa za su yi a hannuna. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ba shi da wata buƙata, gidansa na hannun 'yan haya, ba na ce masa ya sayar ba. Ya riƙe abinsa, ya kuma janye shi daga hannun dillalai, don gidan da ya daɗe ana yawo da shi suna yake yi, mutane su fara zargin ko rigima ce a kansa ko takardunsa ba su cika ba. Maganata da wanda ya fitar da gida saboda dalili ce: bashi, jarin da ya karye, jinya, ƙaura, rabon gado. Shi dalilinsa ba ya jira, tsada yake ƙarawa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 a Disamban 2023, da kashi 34.80 a Disamban 2024. Mu ƙaddara an taya gida miliyan 48 a ƙarshen 2022, mai shi ya rantse sai 60, ya kuma samu 60 ɗin a ƙarshen 2024. Zai yi murna ya ce haƙuri ya yi rana. Alhali abin da 48 za ta saya a wancan lokacin, sai an haɗa wajen miliyan 83 kafin a saye shi a ranar da ya karɓi kuɗinsa. Ban ma sa kuɗin maigadi ba, da hayar da ba a karɓa ba, da gara da ta shiga silin.

Wanda kuma zai sayar ne don ya sayi wani, ya tuna a kasuwa ɗaya zai yi duka biyun. Sassaucin da ya yi a nasa, shi zai tarar a wanda zai saya, muddin da kuɗi a hannu ya je.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne gidan gado. Maigida ya rasu, an yi sadakar bakwai, an biya bashi, an cika wasiyya, ba abin da ya rage sai gida ɗaya da ba ya rabuwa sai an sayar. Babban wa, wanda galibi shi ne mai abin hannu kuma yana cikin gidan kansa, shi ke magana da dillalai. Ya ce gidan Baba ba za a wulaƙantar da shi ba. Kowa ya yi shiru, don wa zai so a ce shi ne ya ƙosa a sayar da gidan mahaifinsa? Mu koma kan miliyan 48 ɗin nan, mu ce marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi. Tumunin matar miliyan 6 ne. Kowace 'ya mace miliyan 6, kowane namiji 12. In an jira aka samu 60, tumunin Hajiya ya zama miliyan 7 da rabi. Wato saboda ƙarin miliyan ɗaya da rabi aka tsayar da ita shekara biyu, a shekarun da miliyan shidanta ke buƙatar zama fiye da goma kafin ta yi abin da za ta yi mata tun farko. A tsakanin nan autan ya bar makaranta saboda kuɗin rajista, ƙanwar da aurenta ya mutu tana raɓe a gidan wata, jarin da take so ta ja yana cikin bangon da ba mai kwana a bayansa. Sai zumunci ya fara tsami. Ƙanne su fara raɗa cewa Yaya so yake su gaji su sallama masa da araha, ko da bai taɓa nufin haka ba. Da yawa daga shari'o'in gado da ke gaban alƙalai daga irin wannan jira suka taso, gidan da aka ƙi sayarwa cikin mutunci ya ƙare a hannun masu ƙiyasin kotu.

Haƙƙin magada ya zama nasu tun ranar rasuwa. Ba alfarma ce wani zai yi musu ba, kuma girman shekaru ba ya ba mutum ikon riƙe dukiyar maraya har sai kasuwa ta yarda da ra'ayinsa.

Ba ina cewa a karyar wa duk wanda ya zo ba. Akwai masu sansana gidan da matsi ya kama, su taya rabin kuɗi suna jiran mai shi ya durƙusa, kuma Allah ya isar wa waɗanda aka yi wa haka. Amma tayi ɗaya na raini daban, tayi huɗu daga mutanen da ba su san juna ba, duka suna zagaye adadi ɗaya, daban. Na biyun shi ne kuɗin gidan a yau. Mai son sanin gaskiya ya ce wa dillali ya kawo masa gida uku da aka saya aka biya a unguwar cikin watannin nan, ban da waɗanda ake nema wa mai saye, ya kuma bi ta wajen mai unguwa da shaidun da suka sa hannu. Gida in babba ne, kuɗin da za a ba ƙwararren mai ƙiyasin kadara bai kai asarar wata ɗaya ta jira ba. Takardu ma kuɗi ne: tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, kuma mai saye a yau sai ya leƙa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, kafin ya saki ko kwabo. Gidan da ke da satifiket da wanda ke da takardar ciniki kaɗai ba za su yi kuɗi ɗaya ba, ko da bango ɗaya ya raba su.

Ga 'yan uwa masu gidan gado kuma, akwai hanyar da ke raba gardama ba tare da an ɗaga wa kowa murya ba. A zauna gaban wani babba a dangi ko malamin da aka yarda da shi, a sa wa'adi, a ce wata uku ko huɗu, in ya cika a karɓi tayi mafi tsoka. In kuwa Yaya ya tsaya a kan cewa gidan ya kai 60, to bismillah, ya fitar wa Hajiya da ƙannensa kasonsu a kan lissafin 60 ɗin, gida ya zama nasa, ya jira kasuwa da dukiyarsa shi kaɗai.