Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A ƙarshen daminar 1965 na bar Katsina zuwa Ingila don ƙaro ilimin koyarwa, bisa tallafin gwamnatin Jihar Arewa. Gidanmu a Ƙofar Kaura yake, kuma ta nan hanyar Kano ta fita, saboda haka 'yan rakiya ba su sha wahala ba. A wancan zamani da ka fita ganuwa sai gonakin gero da dawa. Babu gadar ƙasan da ake taƙama da ita yanzu, babu hayaniyar masu Keke Napep. Ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne kududdufan gari idan sun cika sun batse a watan Agusta. Ga shi kuma an ce sai na yi kusan mako biyu a kan teku.

Tafiyar ruwa ba baƙon labari ba ce ga Katsinawa. Tun 1921 Sarki Muhammadu Dikko ya shiga jirgi daga Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya zarce Makka ya sauke farali. To amma wannan tafiyar sarakuna ce, akwai masu ɗauke musu ɗawainiya. Wanda ya san zaman talaka a jirgi a unguwarmu shi ne wani tsohon soja da aka kwashe su ta ruwa zuwa Indiya lokacin yaƙin Bama. Mahaifina ya tura ni in gaishe shi. Na durƙusa na ce, "Baba, an ce in zo ka gaya mini yadda ake zaman jirgi."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. A mota in ka yi mantuwa, ka saya a Kankiya ko Bici. A teku babu Kankiya, babu Bici. Da an kwance igiya, abin da ke hannunka shi ne naka."

Shirin ya fara da takardu: fasfo, tikiti, da katin lafiya mai shaidar an yi maka rigakafin shawara da lambar agana. Wanda katinsa babu tambarin likita, ko da tikiti a hannu, a gindin tsani zai tsaya. Sai kaya, waɗanda ake raba su gida biyu. Babbar adaka ana jefa ta can cikin cikin jirgi, ba ka ƙara ganinta sai Ingila. Ƙaramin akwati shi ne ke kwana da kai. Tsohon nan ya nace in sa rigar sanyi a ƙaramin, ko da kuwa gumi nake yi ranar shiga. Inna kuma ta ɗauki nata ɓangaren da muhimmanci: ta daka yaji, ta haɗa kilishi da dakuwa da tsamiya da busasshiyar citta, ta naɗe goro cikin ganye. Buta da buzu ni na ƙara da kaina.

A lokacin birnin Katsina ba shi da layin dogo, don haka sai da muka sha mota zuwa Kano. Daga nan jirgin ƙasa ya ɗauke mu ta Zariya, Kaduna da Minna, ya haye Kwara a gadar Jebba, ya bi ta Ilori da Badun har tashar Iddo. Mun isa Ikko da sauran kwanaki kafin tashi, domin an ja mana kunne cewa jirgin ruwa ba ya sauraron uzurin wanda jirgin ƙasa ya makarar.

A tashar Apapa na gan shi, fari fat, da bututun hayaƙi ruwan ɗorawa. Sunansa Aureol, na kamfanin Elder Dempster, an ƙera shi a Glasgow ya fara aiki a 1951. Girmansa ya kai tan dubu 14, yana ɗaukar fasinja ɗari uku da 'yan kai. Shi da 'yan'uwansa biyu, Accra da Apapa, su ke karɓa-karɓa tsakanin Ikko da Liverpool duk bayan mako biyu, ɗauke da mutane da wasiƙu. Na ɗaga kai ina ƙirga benaye, ina mamakin yadda ƙarfe mai wannan girma ya ƙi nutsewa.

Tun ba mu yi nisa ba aka tara mu, kowa da rigar ceto a wuya, aka nuna mana kwale-kwalen da za mu nufa in ƙararrawar haɗari ta kaɗa. Wasu na dariya, ni kuwa na haddace hanyar tun daga ƙofar ɗakina. Da muka fita daga bakin Ikko muka shiga tekun sosai, sai ƙasa ta fara gudu daga ƙarƙashin ƙafa. Jiri ya kwantar da mutane da yawa. A nan na lura da abin da har yau bai canja ba: ɗakunan tsakiyar jirgi, na ƙasa-ƙasa, sun fi zama lafiya, na goshi da na wutsiya su ke shan girgiza. Maganin da ya yi mini aiki shi ne tauna citta, cin abinci kaɗan-kaɗan, da fita sarari in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Wanda ya ƙule a ɗaki ya rufe ido, shi ya fi daɗewa a kwance.

Abinci kuwa a wadace yake, sai dai ba irin namu ba ne, kuma da lokacinsa. Tun ranar farko muka sami mai kula da teburinmu, mutumin Saliyo, muka gaya masa abin da addininmu ya hana. Daga nan shi ke yi mana ishara da abin da aka sa wa naman alade ko giya. Muka dogara ga kifi, ƙwai, shinkafa da burodi. Yajin Inna ya yi suna har a teburin maƙwabta. Wani ɗalibi Bayarabe kullum sai ya miƙo farantinsa.

Salla ita ce ta fi buƙatar lissafi. Mu Musulmin da ke ciki mun san hukuncin: matafiyi yana ƙasaru, ruwan teku mai tsarki ne, ana tsayuwa in an iya, in jiri ya hana a zauna. Matsalar ita ce alƙibla, domin jirgi juyawa yake. A Ikko gabas ce mai karkata arewa, a wajen tsibiran Kanari ta koma kusan gabas sak, a Liverpool kuma ta zama kudu maso gabas. Wani jami'in jirgi da muka tambaya ya yi mana kirki, kowace safiya yakan nuna mana inda gabas take. Agogo ma ba abin dogara ba ne: a gaɓar Gana aka mai da shi baya da awa ɗaya, gab da Ingila aka sake tura shi gaba. Sai muka koma ga rana da inuwa, yadda kakanninmu ke yi.

Mun yada zango a Gana, sannan Firitawun, inda duwatsu masu kore shar ke gangarowa har bakin ruwa. A kan ɗaya daga cikinsu, wanda jirginmu ya ci sunansa, Kwalejin Fourah Bay take. Samari a kwale-kwale suka kewaye mu, fasinjoji na jefa kwabo a ruwa suna nutso suna cafkowa. A bakin tsani akwai allo da aka rubuta sa'ar tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, ba na gari ba. Na ga wani mai iyali da ya shagala a kasuwa, ya dawo a guje da kwandon lemo a ka bayan jirgi ya yi ƙugin ƙarshe, ana shirin janye tsani. Da ya ƙara minti kaɗan, da matarsa da 'ya'yansa sun isa Ingila ba shi.

A Las Palmas, birni a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, 'yan tireda suka baje agogo, 'yartsana da mayafan tebur. Turawa na biyan farashin farko, mu kuwa da muka tashi a kasuwar Katsina muka taya rabi, aka sallama. Daga nan iska ta sauya. Abokin ɗakina, wanda kwat ɗinsa ke kulle a adaka can ƙasa, ya ƙarasa tafiyar lulluɓe da bargon gado. Sai mashigin Biscay, wanda matuƙa kansu ke girmamawa. Nan muka zama kamar tsaba a faifan mai bakace. An ɗaga katakan gefen tebura don kada farantai su zube, an ɗaura igiyoyin riƙewa a hanyoyi, ɗakin cin abinci ya zama fayau. Da ruwa ya lafa muka shiga kogin Mersey cikin hazo, muka sauka Liverpool, jirgin ƙasa na jiran masu zuwa Landan a bakin tashar.

Jirgin sama ne ya kashe wannan hanya. An sayar da Accra a 1967, Apapa a 1968. Aureol ya jure har 1974, sannan wani attajirin Girka ya saye shi, ya sauya masa suna, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A 2001 aka farfasa shi a Indiya.

Yanzu jirgin ruwa ya dawo da sabuwar fuska, ta shaƙatawa. Mafi girmansu suna ɗaukar fasinja sama da dubu bakwai. Har Saudiyya ta kafa nata kamfanin, Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024. Kwanan baya jikata ta zo da mijinta, suna shirin shiga irin wannan bayan Umra. Ta ce, cikin tsokanar da ta saba, "Tsoho, naku na da ai kwale-kwale ne. Namu har da kantuna da asibiti a ciki."

Na ce, "Amarya, kantin yana nan, amma mai kantin ya san ba ki da wani wurin zuwa."

Na zaunar da su na lissafa musu. Kuɗin tikiti ba shi ne kuɗin tafiya ba: akwai ladan ma'aikata da yawancin kamfanoni ke ƙarawa kowace rana, akwai kuɗin intanet, na yawon gari a kowane zango, da na ganin likita. A tambayi duk wannan a rubuce kafin a biya. Mai fasfon Nijeriya ya bi jerin ƙasashen da za a tsaya ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar da bizar kowacce. Tafiyar Bahar Rum galibi sai da bizar Turai, kuma ana iya hana mutum shiga tun a tashar farko saboda ƙasa guda da bai yi niyyar sauka ba. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, katin shawara yana kusa. A isa garin tashi tun ana gobe. A nemi ɗakin tsakiya. Magungunan da ake sha kullum, na hawan jini ko na suga, su zauna a jakar hannu tare da kayan sawa na yini guda, domin manyan akwatuna sukan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki. A sanar da kamfani buƙatar abincin halal tun lokacin yankan tikiti. Manhajar alƙibla ta waya kan rikice a cikin ƙarfen jirgi, don haka a fita sarari, ko a tambayi ma'aikata.

Mijin ya ce, "Alhaji, to wace tafiya za mu zaɓa, ta mako biyu ko gajera?"

Na ce su fara da ta kwana uku ko huɗu. Babu wanda ya san yadda cikinsa zai yi da teku sai ya hau, kuma jarumtar tudu ba ta aiki a can. Na ga ƙato ya kwanta, na ga tsohuwa tana cin abincinta hankali kwance. In ciki ya amince, baɗi a ƙara kwanaki. In ya ƙi, kuɗin da aka yi asara kaɗan ne, gaɓa kuma ba ta da nisa.