Baƙin Hunturu a Fadamar Dagona

Idan aka wayi gari sheƙunan shamuwa da ke kan kuka da tsamiya sun zama kango, ta kwashe 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka, to damina ta ja baya, hunturu na bakin ƙofa, wasu baƙin kuma suna hanya. Su daga arewa suke tasowa, daga Turai da Rasha, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru. Cikin watan Nuwamba abin yake kankama. A lokacin ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are ta fara janyewa, ta bar tabkuna da taɓo da gonakin shinkafar da aka girbe, abinci ta ko'ina.

Tun da sauran ƙarfina nake zuwa Dagona, a ƙasar Bade cikin Jihar Yobe, in zauna bakin ruwa ina kallonsu. Samari sun sha tare ni da tambaya: "Baba, ba harbi kake yi ba, ba tarko ka ɗana ba, to me kake samu?" Nakan ce musu su zo mu zauna, gani ya kori ji. Kaɗan ne ke iya zaman.

Zaman kuwa shi ne aikin. Ana idar da sallar asuba za ka fita, ka bar farar riga a gida, ka sa rana a bayanka don kada ta kashe maka ido. Komai sanɗarka, zakaran ƙeƙuwa sai ya gan ka, ya tashi yana kururuwa, tabkin duka ya watse. Mai gaggawa a nan yake juyawa ya ce babu komai. Amma ka sami gindin bagaruwa ka natsu, ka daina motsi. Kirinjijiya za ta fara dawowa garke-garke da fito irin nata, dinya ta biyo baya da nauyin jikinta, zalɓe ya koma inda ya baro ya tsaya cik yana dakon kifi. Can sai ka ga kowa ya ci gaba da harkarsa a gabanka. Wannan zama ya yi mini amfani a zaure fiye da a bakin ruwa. Idan aka kawo mini rigimar ma'aurata ko ta gado, nakan yi shiru har kowa ya gama tashinsa ya sauka, domin sai a lokacin ainihin maganar take fitowa.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da farin wuya, yatsunsa dogaye ƙwarai, da su yake taka ganyen bado yana tafiya a kan ruwa ba ya nutsewa. Shi ɗan gida ne, ba ya zuwa Turai. Macen ƙwai kawai take sakawa, namijin ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya. Na taɓa kafa masa madubin hangen nesa lokacin da shirwa ta gifta. Ya durƙusa, 'yan tsakin suka shige ƙarƙashin fikafikansa, ya matse su ya miƙe yana tafiya, siraran ƙafafunsu na reto ta gefensa. Na daɗe ina tasbihi a wurin.

Su kuwa baƙin, mafi yawansu ba su da wani ado a Nuwamba. Ƙananan agwagin da ke zuwa dubbai, waɗanda Turawa ke kira garganey, maza da mata duk kalarsu ɗaya a wannan lokaci, sai wajen Fabrairu namijin yake fito da farin layi a saman ido, alamar tafiya gida ta kusa. Ka dubi wannan halitta da nauyinta bai kai rabin kilo ba, ka tuna dubban kilomitocin da ta keto ba guzuri sai kitsen jikinta. Masunta kan tsinci wasu da ƙaramin zobe a ƙafa, da lamba da sunan wata ƙasa mai nisa. Masana ne ke sa musu don su san hanyar da suke bi. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan zobe a tafin hannunsa, da wuya ya sake yi wa tsuntsun kallon nama kawai.

Rabin abin da na sani, a cikin kwalekwale na koye shi. Masuncin da bai taɓa buɗe littafi ba zai gaya maka wane tabki ne agwagi ke wuni, wace gona suke kiwo da dare, ya kuma gane daga saukar kwasakwasa inda kifi ya taru. Masu zuwa ƙidayar tsuntsaye a watan Janairu ma ba sa rabuwa da irin waɗannan mutane. Duniya ta san darajar wurin: Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, an saka tabkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Dagona kuma a 2008. Sai dai mu na kusa ne muke wucewa ba ma ɗaga kai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ruwan kansa. Da can kogi kan cika ya malale da damina, ya janye da rani, manomi ya bi danshi ya shuka, makiyayi ya sami ciyawa, masunci ya sami kifi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwaranya kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacalla dama. Ta cika hanyoyin ruwa, ta toshe su, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma ƙasarsu ta bushe. Cikin kacallar jan baki yake kwana, da safe ya fito ya sauka a kan shinkafa da gero. Manomin da ya wuni yana kaɗa gwangwani a gona, in ya ce ya tsani tsuntsu, ba na ganin laifinsa. Amma agwagin Turai ba su suka ci masa gero ba, kuma maganin da ake fesawa ba ya tantance wanda zai kashe.

Gauraka ita ce ta fi ba ni takaici. Muna yara kukanta ba baƙon abu ba ne a fadama, ga tukkun nan nata ruwan zinariya. Yau sai ka yi hunturu guda ba ka sa ta a ido ba, kamu don sayarwa da lalacewar fadama sun kusa ƙarar da ita a ƙasar nan. Jikokina a hoto suka san ta.

Masu riƙe da madatsun ruwa, ku saki ruwa a kan lokacinsa yadda fadama za ta cika ta kuma bushe, a taimaka wa garuruwa su yashe hanyoyin da kacalla ta toshe. Malaman makaranta na Gashuwa da Nguru da Haɗeja, ku ɗauki ɗalibanku ku kai su bakin ruwa ko da safiya ɗaya ce, ku nemi dattijon masunci ya yi musu bayani. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin zuwa Afrilu yawancin baƙin sun koma.