A Koya Mana Tare

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata shawara da na ke so mu duba. A Azare akwai kwalejin horon malamai tun 1977, wadda yanzu a ke kira da sunan Aminu Saleh. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a garin. To, ga masu koyon aikin lafiya, ga masu koyon malanta, gari ɗaya, kasuwa ɗaya. Me zai hana su riƙa zama aji ɗaya, ko da sau ɗaya a wata?

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa haɗa ɗaliban likita da nas da ungozoma da sauransu wajen karatu, domin kowa ya san aikin ɗan'uwansa tun bai bar makaranta ba. Ni kuwa na ce a sa har da malami.

Ga dalilina. Sa'ad da aka tura ni Zadawa gwajin koyarwa, na tarar da wani yaro a ajina kullum yana neman izinin fita. Da na ja shi gefe, sai ya ce jini ya ke gani a fitsarinsa. A makarantar mishan inda na yi firamare ɗakin magani na jikin ajinmu, can na taɓa jin malamin asibiti yana bayanin tsargiya, watau ciwon da a ke ɗauka wajen wanka a ruwan da katantanwa ke ciki. Na gaya wa uban yaron, ya ce, "Malam, ai mun ɗauka girma ne ya zo." Aka kai shi asibiti, ya sha magani, ya warke.

Ku duba hannu nawa wannan ciwo ɗaya ya ke bukata. Malami ne ke fara ganin yaro. Mai awo ya duba fitsari, likita ya rubuta magani, duba-gari kuma ya bi sawun kududdufin. In ɗayansu bai san ƙofar ɗaya ba, yaro zai sha magani yau, gobe ya koma ruwan nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su haɗa mu tun muna ɗalibai, mu koya musu yadda a ke magana da yara, su kuma su koya mana alamun ciwo. Allah ya sa a ji.